Daga ajiye biro zuwa albashin farko: yadda na samu aiki a sashen kwamfuta

Na karanta kimiyyar kwamfuta a wata jami'ar gwamnatin tarayya a Arewa, kuma na rubuta jarrabawar ƙarshe a farkon 2023, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya kwashe wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tura komai gaba. Tsakanin ranar da na fito daga ɗakin jarrabawa da ranar da albashin farko ya shiga asusuna an yi shekara biyu da 'yan watanni. Shekara ɗaya a ciki ta bautar ƙasa ce, babu yadda za a yi da ita. Sauran lokacin kuwa, da yawansa rashin sanin abin da ke gaba ne ya cinye shi, shi ya sa nake so ƙannenmu da ke tafe su san yadda hanyar take tun kafin su hau ta.

Jira na farko shi ne na sakamako. Sai ya fito daga sashe, ya je tsangaya, sannan majalisar jami'a ta zauna ta amince da shi, kuma mu wannan ya ɗauke mu kusan wata huɗu. Bayan nan ne ake ba da takardar wanke kai wadda za ka zagaya da ita a sa maka hannu: sashenku, laburare, ofishin kuɗi, ofishin ɗakunan kwana, asibitin makaranta. A ofishin kuɗi ne mutane suka fi maƙalewa, domin sai ka kawo rasiɗin kuɗin makaranta na kowace shekara tun daga ajin farko. Nawa na aji biyu ya ɓata. Abin da ya cece ni shi ne lambar biyan kuɗi ta Remita, mai lamba 12, tana nan a cikin tsohon imel ɗina, da ita aka sake buga mini rasiɗin a shagon intanet. Wanda ba shi da takardar kuma ba shi da lambar, sai ya yi ta safa da marwa mako da makonni. Da aka gama aka ba ni takardar sakamako ta wucin gadi. Ainihin satifiket ɗin ya daɗe bai fito ba, amma babu inda aka ƙi karɓar ta wucin gadin a duk neman aikin da na yi.

Kafin ka yi rajistar bautar ƙasa sai sunanka ya bayyana a jerin da jami'a ta tura wa hukumar NYSC, kuma sai ya kasance JAMB ta san da shigarka jami'ar. Duba waɗannan biyun tun kana jiran sakamako. A nan ne na gano an rubuta sunan mahaifina iri biyu, Muhammad a katin NIN, Mohammed a takardar WAEC da ta jami'a. A ido ƙaramin abu ne, amma shi ne ya sa na je kotu na yi takardar rantsuwa, na kuma bi layi a gyara mini NIN ɗin ya dace da takardun makaranta, domin gyaran katin ya fi gyaran satifiket sauƙi. Ka baza takardunka duka a kan tabarma, ta haihuwa, ta firamare, WAEC ko NECO, JAMB, NIN da bayanan BVN, ka bi suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Duk saɓanin da ka bari a yau zai tare ka a ofishin ɗaukar ma'aikata ranar da ba ka da lokacin gyara shi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu ba a tura shi sansani, takardar ɗauke masa hidimar ake ba shi, ita ma masu ɗaukar aiki suna karɓa.

A ƙarshen 2023 aka tura ni jihar Nasarawa, na yi mako uku a sansanin Keffi. Abin da ban sani ba sai da na shiga shi ne, wurin da za a tura ka aiki bayan sansani ya fi komai muhimmanci ga wanda ya karanta kwamfuta, domin shi ne zai zama ƙwarewar shekara ɗaya da za ka rubuta a CV. Yawancin 'yan bautar ƙasa makarantu ake tura su. Ni ma wata sakandare aka ba ni, wadda kwamfutocinta suke kulle a ɗaki ba wuta. Na samu shugaban makarantar na yi masa bayani cikin ladabi, ya rubuta mini takardar cewa ba su da buƙatata. Na nemo wani asibiti mai zaman kansa a yankin Mararaba, kusa da Abuja, suka rubuta takardar neman a ba su ni, na haɗa biyun na kai wa jami'in hukumar na ƙaramar hukuma. Mako biyu na yi ina zarya kafin sabuwar takardar ta fito, kuma a kwanakin nan hankalina bai kwanta ba, domin wanda bai samu wurin aiki ba ba a yi masa tantancewar wata, alawus ɗinsa kuma sai ya tsaya. Da na san haka tun farko, da na shiga sansani da takardar neman a hannuna.

Asibitin yana da kwamfuta kusan 40, da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan marasa lafiya, da mutum ɗaya tak mai kula da su, wanda kowa ke kira Injiniya. A makon farko ya miƙo mini kebul da filayar matse kan kebul ya ce in haɗa masa. Na yi shekara huɗu ina karanta sadarwar kwamfuta a littafi, amma ban taɓa feɗe kebul ba. Ya zauna ya nuna mini: ka yanke rigar waje kamar tsawon gaɓar yatsa biyu ba tare da ka ji wa na ciki rauni ba, ka warware tagwayen wayoyin guda takwas, ka jera su fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka daidaita bakinsu da almakashi, ka tura cikin kan robar da ake kira RJ45 har sai ka hango jan ƙarfen kowace a ƙarshen robar, rigar waje kuma ta shiga ƙarƙashin maƙallin, sannan ka matse. Ka sa a na'urar gwaji, fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya. Na lalata kawuna shida kafin na farko ya yi. Ya kuma gaya mini kada kebul ɗaya ya wuce mita 100, in ya wuce sai a sa suwic, wato na'urar da ke haɗa kebul-kebul na kwamfutoci, a tsakani.

Shi ne ya ce in sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, duk matsalar da aka kira mu a kanta in rubuta kwanan wata, abin da mai kwamfutar ya ce, abin da muka tarar, da yadda muka gyara. A ciki na rubuta cewa idan ka buga umarnin ipconfig ka ga adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, to ba ta samu adireshi daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ba ne, sai ka duba kebul da suwic kafin ka zargi kamfanin intanet. Idan ka tura saƙon gwaji na ping zuwa adireshin 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa. Firinta da ta tara takardu ta ƙi fitarwa, a tsayar da hidimar layin bugawa ta Windows, a share abin da ya maƙale, a sake tayar da ita. Na'urar ajiye wuta ta UPS da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta, batirinta mai bolt 12 ne ya gaji, ana canza shi ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Kwamfutar da ke kashe kanta da tsakar rana a lokacin hunturu, sau da yawa ƙura ce ta toshe fankar. Kafin shekara ta ƙare littafin ya cika, na shiga na biyu.

Maganar satifiket na ƙwarewa ita ma ta ɗaure mini kai a lokacin. Kowa cewa yake sai ka yi CCNA, jarrabawar sadarwar kwamfuta ta kamfanin Cisco. Kuɗin jarrabawar dala 300 ne, ana yin ta cikin minti 120 a cibiyoyin jarrabawa na kamfanin Pearson VUE, kuma shekara uku take yi kafin a sabunta. A 2024 dala ta haura naira 1,500, wato kuɗin ya zarce naira 450,000, alawus ɗinmu kuwa naira 33,000 ne a wata, domin ƙarin da aka yi zuwa 77,000 sai a 2025 aka fara biya, bayan mun gama. Katunan naira ma a lokacin ba sa biyan kuɗin waje. Na haƙura da jarrabawar, na yi rajista kyauta a makarantar Cisco ta intanet, na sauke manhajar Packet Tracer wadda ake gwada haɗa rauta da suwic a cikinta ba tare da an sayi ko ɗaya ba. A ganina wannan shi ne daidai ga mai neman aikin farko. Kada ka ci bashi saboda satifiket, ka koyi abin da ke cikinsa tukuna. Wasu abokaina sun shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, shi ma kyauta ne.

Na karɓi takardar kammala bautar ƙasa a ƙarshen 2024 na dawo Kano. Ka ɗauki hotonta, ka yi kwafi da yawa, ka adana ta asalin, domin idan ta ɓata hukumar ba ta sake buga wata, wasiƙar tabbatarwa kawai take bayarwa. Wata ukun da suka biyo baya su ne mafiya nauyi. Kullum da safe ina buɗe Jobberman da MyJobMag da LinkedIn, ina tura CV ɗaya mai shafi uku ga duk tallan da na ga kalmar kwamfuta a ciki. Na tura fiye da 70, ko ɗaya bai amsa ba. Gida ba wanda ya ce mini komai, amma tambayar “an dace kuwa?” daga maƙwabta bayan sallar magariba takan sa gwiwata ta yi sanyi. Da na aika wa Injiniya CV ɗin ya kira ni ya ce, “Malam, ka cika takarda da addini da ƙaramar hukuma da makarantar firamare, aikin da ka yi mini shekara guda kuma ka ba shi layi ɗaya. Sannan kana neman aikin rubuta manhaja, bayan aikin kammala digiri me ka taɓa rubutawa?”

Gaskiya ya faɗa. Mai neman aikin rubuta manhaja ana so a ga abin da ya gina a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ko a intanet, ni kuwa abin da hannuna ya sani shi ne tallafin kwamfuta da haɗa sadarwa. Na mayar da CV ɗin shafi ɗaya. A sama suna, lambar waya, imel mai ɗauke da sunana na gaskiya, da garin da nake. Sai aikin asibitin da lambobinsa: kwamfuta nawa na kula da su, ofisoshi nawa muka ja wa kebul, sau nawa a mako nake kwafe bayanan saba zuwa wani faifai. Sai ƙwarewa, sai karatu a ƙasa. Na mayar da shi PDF mai ɗauke da sunana, kuma duk tallan da ya ce a rubuta wani abu a kan saƙo, ina kwafe shi yadda yake, domin wasu wuraren da kan saƙon suke tace masu nema. Na kuma canza abin da nake nema. Tallace-tallacen da Turanci ake yin su, sunayen da suka dace da mai farawa su ne “IT Support Officer”, “Helpdesk”, “Network Technician” da “ICT Assistant”. Cikin mako uku aka fara kirana.

Kira na farko na 'yan damfara ne. Saƙon waya ya shigo cewa an zaɓe ni intabiyu gobe da ƙarfe tara, babu sunan kamfani, babu sunan muƙami. Na je na tarar da mutum sama da 50 a wani zaure, ana lacca a kan sayar da magungunan ƙarin lafiya, a ƙarshe aka ce kowa ya biya kuɗin rajista. Tun daga ranar, duk gayyatar da ba ta faɗi sunan kamfani da muƙamin da na nema ba ba na zuwa, duk wanda kuma ya nemi kuɗin fom ko na horo ko na gurbin aikin gwamnati, na san inda ya dosa.

Na biyu jarrabawar banki ce ta intanet. Bankuna kan sa iyakar shekaru, galibi 26 ko 27, da matakin digiri, don haka wanda yajin aiki ya ci wa lokaci ya nema da wuri. Jarrabawar ba ta kwamfuta ba ce, lissafi ne da Turanci da tunani, kusan minti ɗaya ga kowace tambaya, kyamara a kunne. Intanet ɗina ya yanke a tsakiya, agogo kuma bai tsaya ba, ban kai ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, ka yi atisaye da tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka. Na uku wata ƙungiyar agaji ce a Abuja. Kuɗin mota zuwa da dawowa da abinci ya haura naira 40,000, kuma ba su biya ba, don haka ka tambaya tun a waya ko za a iya yi ta bidiyo. Mutum huɗu ne a teburin, kowa da takardar ba da maki. Na amsa tambayoyin sadarwa da kyau, amma da suka zo kan Active Directory, yadda ake buɗe wa sabon ma'aikaci asusu da sake masa kalmar sirri, sai na tsaya, domin asibitin ba sa amfani da shi. Bayan mako biyu saƙon ban haƙuri ya zo.

Na ji zafin wannan, amma ya nuna mini ramin da ya rage. Na je Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano, na ƙara wa kwamfutata ƙwaƙwalwa ta kai giga 8, na sa manhajar VirtualBox wadda ke kafa wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, na sauke Windows Server na gwaji wanda Microsoft ke bayarwa kyauta na kwana 180. Na kafa yanki, wato rukunin kwamfutocin da saba ɗaya ke kula da asusunsu, na buɗe asusun ma'aikatan ƙarya guda goma, na haɗa wata Windows ɗin da shi, na yi ta kulle asusu ina buɗewa har abin ya zauna mini. Kwana goma ya ɗauke ni, na kuma rubuta shi a littafin.

Aikin da na samu ba a talla na gan shi ba. Injiniya ne ya ji daga wani mai kawo musu kaya cewa wata masana'anta a Sharaɗa, a nan Kano, tana neman mataimaki a sashen kwamfuta, ya ba da lambata. Shi ya sa nake cewa ka gaya wa duk wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, har na lokacin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, cewa kana nema, ka kuma faɗi irin aikin takamaimai. An kira mu mu biyar. Aka fara da rubutacciyar jarrabawa ta minti 30, a ciki har da tambayar kwamfuta nawa za su samu adireshi a rukunin adireshi mai alamar /26, amsar 62 ce. Sai aka shiga da mu ɗaya bayan ɗaya wani ɗaki mai tebur, a kai kebul, kawuna biyu, filaya, da kwamfutar da aka ce ba ta shiga intanet. Kawuna biyu kawai, wato ba damar kuskure. Na haɗa, fitilu takwas suka kama. Kwamfutar kuma na buga ipconfig na ga an sa mata adireshi da hannu wanda bai dace da na ofishin ba, na mayar da ita ta karɓa da kanta. Ina yi ina faɗin abin da nake dubawa da dalili, domin mai gwajin tunaninka yake son ji. Shugaban sashen ya tambaye ni ko na san rautar MikroTik. Na ce, “Yallaɓai, ban taɓa saita ta daga farko ba, amma na taɓa shiga ta manhajarta ta Winbox na duba masu cin data.” Na ciro littattafan nan biyu na miƙa masa. Ya yi kusan minti biyar yana buɗa shafuka, sannan ya ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Mako uku shiru. Na tura saƙo ɗaya na tuni cikin ladabi bayan kwana goma, ban ƙara ba. Da takardar ɗauka ta fito sai aka ba ni mako ɗaya in kawo masu tsaya mini mutum biyu, kowanne da hoton fasfo da kwafin katin shaida, ɗaya sai ya kasance babban ma'aikacin gwamnati. Sai gwajin lafiya, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, NIN, takardun makaranta na asali don a gani da ido, lambar asusun banki, da lambar asusun fansho wadda ake buɗewa kyauta a kowane kamfanin kula da fansho. Neman masu tsayawa ne ya fi ba ni wahala, domin mutane suna tsoron sa hannu, da na sani da na yi magana da su tun ranar intabiyu. Ka karanta takardar da kyau ka ga wane ne ya ɗauke ka, kamfanin da za ka zauna a ciki ko wani kamfanin da ke samar musu da ma'aikata, domin hutu da inshorar lafiya da ƙarin girma duk sun danganta da wannan.

A intabiyu an ce mini naira 150,000, na ɗauka ita ce za ta shigo hannuna. Wancan jimilla ce kafin a cire komai. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai ɗauka ya ƙara kashi 10, sannan ga harajin albashi. Abin da ya rage bai kai 130,000 ba, kuma wata shida na farko na gwaji ne. Ka tambaya ƙarara, kafin ka ce ka amince, nawa ne zai shigo asusu, da kuma ko aikin ya haɗa da Asabar, domin masana'anta ba ta tsayawa. Na fara aiki ranar 23 ga wata, su kuma suna rufe lissafin albashi ranar 20, don haka sai ƙarshen watan gaba aka haɗa mini duka aka biya. Mako biyar na yi ina zuwa Sharaɗa da kuɗin adaidaita daga ɗan abin da na rage na alawus da wanda yayana ya ranta mini. Daga albashi na biyu na fara ware naira 25,000 duk wata saboda jarrabawar CCNA.